Diklofenak da Zuciya: Illar da Ta Ɓuya Shekara 40

A watan Janairun 2015 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta hana kantunan magani sayar da ƙwayar diklofenak, maganin ciwo da kumburi, sai ga wanda ya zo da takardar likita. Ba wani sabon magani ba ne da aka saki kasuwa da gaggawa. A lokacin ya kai shekara 40 ana shan sa, likitoci sun saba rubuta shi, masu ciwon gwiwa da ciwon baya sun haddace sunansa. Hujjar hukumar ita ce maganin yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ƙarin ba mai yawa ba ne, amma ya tabbata, kuma mai kanti ba shi da hanyar gane wanda abin zai faɗa wa.

Yadda aka kai ga wannan hukunci shi ne abin dubawa. Babu likitan da ya lura majinyatansa na faɗuwa, babu wata mutuwa da ta tayar da hankalin jama'a. Wani magani ne daban ya jawo abin kunya, kuma garin ƙoƙarin wanke ƙanin wannan maganin aka tona asirin diklofenak.

Asalinsa da yadda yake aiki

Kamfanin Geigy na birnin Basel a Suwizalan ne ya samar da shi, ta hannun masanan sinadarai biyu, Alfred Sallmann da Rudolf Pfister. Ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970 da sunan Voltaren, bayan Geigy ya haɗe da Ciba, amma Amurka ba ta amince da shi ba sai 1988. Cataflam ma diklofenak ne, an dai haɗa shi yadda zai fi saurin narkewa. Yau kamfanoni barkatai ke yin sa. A jikin kwali za a ga an rubuta diclofenac, ƙwaya mai miligiram 50 ko 75 ko 100, ga allura, ga na matsawa a dubura, ga man shafawa.

Danginsu ɗaya da asfirin da ibufurofen da naforoksen da firoksikam. A 1971 John Vane ya gano yadda dangin ke aiki a Landan, binciken da ya ba shi kyautar Nobel a 1982: suna toshe wani sinadarin jiki da ake kira COX, wanda ke ƙera furostagilandin. Furostagilandin ne ke sa wurin da ya ji ciwo ya kumbura, ya yi zafi, ya riƙa zugi. Sai dai ba nan aikinsa ya tsaya ba. Shi ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narkar da abinci. Shi ke buɗe hanyoyin jinin ƙoda idan jiki ya yi ƙarancin ruwa. Da hannunsa kuma a daskarewar jini da tsinkewarsa. Magani ba ya tambayar inda aka aike shi. Wanda ya sha don gwiwa, tumbinsa da ƙodarsa da jijiyoyin jininsa duk sai sun samu rabonsu.

Illar ciki tun da wuri aka san ta: zafin ciki, gyambon ciki, aman jini, baƙin kashi. Don haka hankalin masana a shekarun 1980 da 1990 duk yana kan ciki, kuma a wannan fagen diklofenak ya fi irin su firoksikam da indometasin sauƙi, abin da ya ƙara masa farin jini. Zuciya ba mai dubanta. In ma an yi zancenta, zaton da ake yi shi ne dangin asfirin ai sai dai su taimake ta, tunda asfirin ake ba masu ciwon zuciya.

Vioxx

A farkon shekarun 1990 aka gano cewa COX iri biyu ne. COX-1 kullum yana nan a tumbi da cikin ƙwayoyin jinin da ke haɗa guda. COX-2 kuwa ya fi tasowa inda kumburi yake. Dabarar da ta biyo baya ta yi daɗin ji: a ƙera maganin da zai toshe na biyun ya ƙyale na farko, ciwo ya tafi, ciki ya zauna lafiya. Haka aka samu Celebrex, sannan Vioxx na kamfanin Merck, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a watan Mayun 1999. An tallata shi ba ƙaƙƙautawa, har cinikinsa ya kai kimanin dala biliyan 2.5 a 2003.

Tun a 1999 Garret FitzGerald da abokan aikinsa a jami'ar Fensilbeniya suka nuna inda gizo ke saƙar. COX-2 ne ke samar da mafi yawan furostasaikilin, sinadarin da ke buɗe jijiya ya hana jini yin guda a cikinta. Abokin hamayyarsa, turomboksen, mai sa jini ya daskare, ta hanyar COX-1 yake fitowa. Wanda ya rage na farko ya bar na biyu yadda yake, ya karkatar da jini zuwa ga daskarewa. Ba a ba maganarsu nauyin da ya kamata ba.

A watan Nuwamban 2000 aka buga sakamakon gwajin VIGOR, mai ɗauke da mutum kusan 8,000 masu amosanin gaɓɓai, rabi suna shan Vioxx rabi naforoksen. Ta fuskar ciki Vioxx ya cika alkawari, ya rage manyan matsaloli da kusan rabi. Amma bugun zuciya ya samu kashi 0.4 cikin 100 na masu shan sa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 0.1. Kamfanin ya ce ba Vioxx ke cutarwa ba, naforoksen ne ke ba da kariya. Kafin wannan lissafi ya tsaya da ƙafarsa sai naforoksen ya fi asfirin kansa kare zuciya nesa ba kusa ba, kuma ba wanda ya taɓa nuna haka. Duk da haka aka ci gaba da sayarwa kusan shekara 4. Daga baya ma, a Disamban 2005, editocin mujallar da ta buga gwajin suka bayyana cewa an bar bugun zuciya 3 ba a saka a rahoton ba, dukansu a ɓangaren Vioxx.

Abin da ya karya shi wani gwaji ne da ba ruwansa da ciwon gaɓɓai. Merck na son ya nuna cewa Vioxx na hana tsiro sake fitowa a babban hanji, sai ya kwatanta shi da ƙwaya holoƙo wadda ba magani a cikinta. A nan babu naforoksen da za a laɓe a bayansa. Bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki suka kusan ninkawa a ɓangaren Vioxx, kuma ranar 30 ga Satumban 2004 kamfanin ya janye shi daga kasuwannin duniya. David Graham, jami'i a FDA, ya ƙiyasta cewa maganin ya jawo ƙarin mummunan ciwon zuciya ga mutum 88,000 zuwa 140,000 a Amurka kaɗai. A 2007 Merck ya amince ya biya dala biliyan 4.85 don sasanta ƙararrakin da aka shigar.

Gwajin da aka yi don wanke wani, ya shafa wa wani

Da Vioxx ya faɗi, likitoci da yawa suka mayar da majinyatansu kan “tsofaffin” magunguna, diklofenak na cikin na gaba-gaba. Ana ganin sababbin ne masu matsala, tsofaffin kuwa an daɗe da sanin halinsu. Nan ne kuskuren yake. Masu auna magunguna a ɗakin bincike sun riga sun nuna cewa diklofenak ya fi karkata ga toshe COX-2, kusan daidai da Celebrex. An ƙera shi tun kafin a san akwai wani abu wai shi COX-2, shi ya sa ba a taɓa lissafa shi cikinsu ba. Shekarun haihuwa ne suka raba shi da su, ba hali ba.

Merck na da wani maganin irin Vioxx mai suna Arcoxia, kuma yana neman a ba shi izinin sayar da shi a Amurka. Ya shirya gagarumin gwaji mai suna MEDAL: mutum 34,701, wasu na shan Arcoxia, wasu diklofenak miligiram 150 a rana, na tsawon wata 18 a matsakaici. Sakamakon da ya fito a 2006 ya nuna su kunnen doki. A cikin mutum 100 da suka sha tsawon shekara, matsalar gudan jini ta samu 1.24 a ɓangaren Arcoxia, 1.30 a ɓangaren diklofenak. Kamfanin ya karanta shi a matsayin wanki: ga shi nan, sabon maganinmu bai fi tsohon da kowa ke sha haɗari ba.

Masu suka suka karanta shi ta ɗaya gefen. An auna sabon mudu da tsohon mudu sun zo daidai, amma wa ya taɓa tabbatar da cewa tsohon cikakke ne? A watan Afrilun 2007 kwamitin masu ba FDA shawara ya ƙi Arcoxia da ƙuri'a 20 da 1, kuma zaɓen diklofenak a matsayin ma'auni na cikin abin da aka fi yi wa gwajin tsiya a kai. A shekarar 2006 ɗin dai, wasu masu bincike biyu, Patricia McGettigan da David Henry, suka tattara binciken da aka yi kan masu shan waɗannan magunguna a rayuwar yau da kullum, suka samu diklofenak ya ƙara haɗarin da kimanin kashi 40 cikin 100, fiye da sauran tsofaffin da aka fi sha.

To me ya bambanta shi da naforoksen, alhali danginsu ɗaya? Diklofenak ba ya daɗewa a jini, cikin awa 1 zuwa 2 rabinsa ya fita. Ɗan toshewar da yake yi wa COX-1 ba ta kai ta hana ƙwayoyin jini haɗa guda ba, kuma tana saurin sakewa, yayin da COX-2 ke ci gaba da zama a danne. Naforoksen kuwa yana shafe fiye da awa 12 kafin rabinsa ya fita, don haka mai shan sa safe da yamma kusan kullum ɓangarorin biyu a danne suke. Ga kuma riƙe gishiri da ruwa da duk dangin ke sa ƙoda ta yi, wanda ke ɗaga hawan jini ya ƙara wa zuciya kaya.

Shekarar 2013

Abubuwa uku suka faru a jere. A watan Fabrairu McGettigan da Henry suka sake fitowa, wannan karon da tambayar su waye ke shan maganin. Cikin ƙasashe 100 da suka duba jerin muhimman magungunansu, 74 sun saka diklofenak, 27 kacal suka saka naforoksen. A ƙasashe 15 da suka samu alƙaluman ciniki, diklofenak ne a sama, cinikinsa ya yi kusan na ibufurofen da naforoksen da mefenamik (shi ma ɗan dangin ne) a haɗe. Suka nemi a cire shi daga irin waɗannan jerin. Hukumar Lafiya ta Duniya dai ibufurofen ta saka a nata jerin, ba diklofenak ba.

A watan Mayu wata tawaga da ke da cibiya a jami'ar Oksfod, ƙarƙashin Colin Baigent, ta haɗa gwaje-gwaje 639 masu mutum fiye da 353,000. Irin su Vioxx sun ƙara manyan matsalolin zuciya da jijiyoyin jini da kashi 37 cikin 100, diklofenak da kashi 41. Ba wani bambanci ke nan. Ibufurofen ma bai tsira ba idan aka kai shi miligiram 2,400 a rana. Naforoksen ne kaɗai bai nuna ƙarin ba. Amma kada wani ya ruga ya sayo shi yana murna: a wannan binciken shi ne ya fi kowa ɓarna a ciki, ya ninka haɗarin zubar jini da hujewar gyambo fiye da sau 4, inda diklofenak ya tsaya a kusan sau 2. Raunin zuciya kuwa, irin mai kumbura ƙafa da hana numfashi, duk dangin sun kusan ninka shi.

“Kashi 41 cikin 100” magana ce mai firgitarwa in ba a ce kashi 41 na mene ne ba. Tawagar ta fassara shi zuwa mutane: cikin mutum 1,000 da za su sha babban awo kullum tsawon shekara guda, za a samu ƙarin mutum 3 da babbar matsala za ta same su, ɗaya daga ciki ta zama ajali. Ga mutum ɗaya wannan ɗan kaɗan ne. Ga maganin da miliyoyi ke sha, ba kaɗan ba ne.

A watan Yuni hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yanke hukunci. Ba ta haramta shi ba, ta dai ɗora masa takunkumin da ke kan irin su Celebrex. Kada a ba mai raunin zuciya, ko wanda jijiyoyin zuciyarsa suka toshe, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai toshewar jijiyoyin ƙafa. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai yawan kitse a jini da mashayin taba, sai likita ya auna tukuna. Kowa kuma a ba shi mafi ƙarancin awon da zai yi aiki, na mafi gajeren lokaci. Man shafawa bai shiga wannan hukunci ba, domin abin da ke ratsa fata ya kai jini ɗan kaɗan ne, kimanin kashi 6 cikin 100 na abin da ƙwaya ke kaiwa.

Saura masu sha na 'yan kwanaki

Duk waɗancan gwaje-gwaje kan masu shan babban awo na watanni ne. Mai ciwon baya da zai sha na mako guda fa? Amsar ta fito daga Danmak, ƙasar da kowane mazauninta ke da lamba ɗaya da ke haɗa takardar maganinsa da tarihin asibitinsa da takardar mutuwarsa. A watan Satumban 2018 Morten Schmidt da abokan aikinsa suka buga nazarin manya fiye da miliyan 6.3 daga 1996 zuwa 2016, cikinsu kusan miliyan 1.4 waɗanda suka fara shan diklofenak. Kwana 30 na farko kawai suka duba.

A cikin wannan ɗan lokaci, manyan matsalolin zuciya sun fi yawa da kashi 50 cikin 100 ga masu diklofenak idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha komai ba, da kashi 30 kan masu naforoksen, da kashi 20 kan masu ibufurofen ko farasitamol. Ƙarin ya bayyana ga maza da mata, ga masu ƙaramin awo ma. Zubar jini daga ciki ya ninka kusan sau 4 da rabi kan waɗanda ba su sha ba.

Wannan nazari ba gwaji ba ne, kuma akwai abin faɗa a kansa: mai neman maganin ciwo dama ba lafiyayye ba ne, wataƙila ciwon da ya kai shi kanti shi ne farkon matsalar. Shi ya sa kwatancen da masu farasitamol ya fi na waɗanda ba su sha komai ba daraja a wurina, domin su ma ciwo ne ya kai su. Ratar ta ragu, amma ba ta ɓace ba.

Alƙaluman da suka fi amfani su ne waɗanda aka raba bisa halin mai sha. In aka ƙiyasta a shekara cikin mutum 1,000, ƙarin matsala kan waɗanda ba su sha ba 4 ne ga masu lafiyar zuciya, 14 ga masu matsakaicin haɗari irin mai ciwon suga, 39 ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko raunin zuciya. Ƙwaya ɗaya, awo ɗaya, amma haɗarin ya ninka kusan sau 10 daga wannan mutum zuwa wancan.

A nan ake gane abin da ya ɓoye illar shekara da shekaru. Da wani baƙon ciwo maganin ke jawowa, da mutum 10 sun isa a farga. Amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki abubuwa ne da dama ke samun tsofaffi, kuma tsofaffi su ne masu ciwon gaɓɓai. Likitan da ya ga dattijo ɗan shekara 65 mai hawan jini ya faɗi ba zai zargi ƙwayar gwiwa ba, ga hawan jini a gabansa. Bambancin mutum 8 da mutum 11 cikin dubu ba ya ganuwa a asibiti ɗaya, sai an tara dubban ɗaruruwa an ƙidaya. Gwaje-gwajen da aka yi kafin a ba tsofaffin magunguna izini kuwa ƙanana ne kuma gajeru, kuma da wa'adin mallakar maganin ya ƙare kowa ya shiga yin sa, ba kamfanin da ke da ribar kashe kuɗi ya binciki laifin hajarsa.

Ƙoda, da ungulayen Indiya

Ƙoda ta fi shiga haɗari lokacin da jiki ya bushe, domin a lokacin ne take dogaro da furostagilandin don jini ya ci gaba da isa gare ta. Gudawa, amai, zazzaɓi, aikin ƙarfi cikin rana, tsufa, duk suna kai mutum wannan hali. Akwai kuma haɗuwa uku da likitoci ke gudu: maganin hawan jini irin lisinofuril ko losatan, da ƙwayar sa fitsari, da maganin ciwo na wannan dangi. Wani nazari da aka buga a 2013 kan bayanan majinyatan Birtaniya ya samu wannan haɗuwa ta ƙara haɗarin tsayawar ƙoda farat ɗaya da kashi 31 cikin 100, kuma ya fi tsanani a kwana 30 na farko. Hanta ma tana taɓuwa, diklofenak na cikin waɗanda suka fi sa gwajin hanta ya hau a danginsa. Mai asma na iya samun tashin ciwon. Mai juna biyu kuwa, FDA ta yi gargaɗi a Oktoban 2020 a guji dangin gaba ɗaya daga mako na 20, saboda suna taɓa ƙodar ɗan tayi ruwan mahaifa ya ragu.

Mafi munin shaida kan ƙoda ba daga mutane ta fito ba. A shekarun 1990 makiyaya da likitocin dabbobi a Indiya da Pakistan suka rungumi diklofenak don shanu, ga araha ga saurin aiki. Ungulayen da ke cin mushen shanun suka riƙa mutuwa da tsayawar ƙoda. Lindsay Oaks da tawagarsa suka tabbatar da dalilin a 2004, kuma a 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Kafin nan wani jinsin ungulu a Indiya ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100. Mutum ba ungulu ba ne, jikin tsuntsun ne ya kasa jure ko ɗan kaɗan. Amma masu kiwo da ke yi wa saniya allurarsa ya kamata su san labarin.

A wajenmu

Hukuncin Turai ya ginu ne kan cewa akwai likita tsakanin majinyaci da ƙwaya, kuma majinyacin ya san abin da ke damunsa. A Kano ko Maraɗi ko Damagaram, sau da yawa ba ko ɗaya. Lebura ko ɗan dako ko manomi ya dawo jiki ya yi tsami, ya tsaya a kemis ko wurin mai tallar magani ya ce a ba shi na ciwon jiki. A ƙulla masa haɗi a leda, ƙwayoyi ba kwali ba suna. A irin wannan haɗi ba abin mamaki ba ne a tarar da diklofenak da ibufurofen ko firoksikam tare, wani lokaci har da firedinisolon, maganin kumburi na wani dangi daban. Biyu daga dangi ɗaya ba sa ninka sauƙi, illa suke tarawa, kuma ƙarin firedinisolon na ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Gobe ya ji garau, ya ce maganin ya karɓe shi. Gaskiya ya faɗa, domin maganin yana aiki. Abin da ba zai ji a jikinsa ba shi ne hawan jinin da ya ƙaru, ko ƙodar da ta ja baya.

Ƙiyasi na nuna kusan 3 cikin manya 10 a Nijeriya na da hawan jini, kuma da yawansu ba su sani ba. Wato mutanen da Turai ta ce sai an auna kafin a ba su, a nan su ne masu saye da kansu. Ga zafin Maris da Afrilu, ga azumi idan ya faɗo a bazara, mutum ya yini ba ruwa ya buɗe baki da ƙwaya kafin ya ci abin kirki. Ga kuma imanin cewa allura ta fi ƙwaya lafiya. Allurar ba ta bi ta tumbi ba, amma ta jini take hana tumbin kare kansa, don haka gyambon bai gafarta mata ba, ƙoda da zuciya ma haka. Ƙa'idar masu yin ta ita ce kada a wuce kwana 2 ana yin ta.

Ban ga hikimar a ce a haramta shi ba. Yana da ranarsa: tsakuwar ƙoda mai murɗa mutum, kumburin gaɓa mai tsanani, ciwon bayan tiyata ga matashi mai lafiyar zuciya da ƙoda. Masu sikila ma, da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, ana yawan ba su shi idan ciwon ya tashi, a wurin da mofin, maganin ciwo mai ƙarfi, ke wuyar samu kuma tiramol ya zama abin da ya zama. Sai dai ƙodar mai sikila dama a wahale take, saboda haka wannan aiki ne na likitan da ke auna ta, ba na kemis ba. Abin da hujja ta hana shi ne diklofenak ya zama abin da hannu ke fara kaiwa gare shi. Ciwon jiki na gajiya, farasitamol da ruwa da hutu sukan isa. Gwiwa ko yatsu, man shafawa na aiki da ƙaramin haɗari. In dole sai ƙwayar dangin, ibufurofen da bai wuce miligiram 1,200 a rana ba ko naforoksen sun fi sauƙi ga zuciya, tare da maganin kare ciki irin omefurazol ga tsoho ko mai tarihin gyambo. Wanda ke shan asfirin don zuciya ko maganin tsinka jini, kada ya ƙara komai daga dangin sai ya tambayi likitansa.

Mai sayarwa kuma, tambayoyi kaɗan ne a kansa kafin ya miƙa: shekara nawa, akwai hawan jini ko suga ko olsa, an taɓa samun matsalar zuciya ko ƙoda, akwai juna biyu, wane magani ake sha yanzu? Wanda ke shan diklofenak ya ga kashinsa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ko ƙafa da fuska sun kumbura, ko fitsari ya ragu, ko ido ya yi rawaya, ya dakatar ya je asibiti a ranar. Ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu ɗaya kuwa ba sa jiran gari ya waye. A tafi da kwalin maganin ko ledar haɗin, domin likita zai buƙaci sanin abin da aka sha da kwana nawa aka yi ana sha.